Sayyid Ahmad Khan (1817–1898) da Ginin Rayuwar Kwaleji a Aligar

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sayyid Ahmad Khan, alƙali kuma marubuci ɗan ƙasar Indiya, wanda ya assasa kwalejin da ta zama Jami'ar Musulmi ta Aligar. An mai da hankali ne a kan yadda ya fahimci makaranta a matsayin mazaunin al'umma, inda ɗakin kwana da masallaci da zauren muhawara da filin wasa suke da nauyi kamar na aji. An kuma duba inda wannan fahimta ta yi nasara da inda ta gaza.

1.0 Gabatarwa

A harabar Jami'ar Musulmi ta Aligar, a arewacin Indiya, akwai wani kabari a gefen babban masallaci. Kowace ranar 17 ga Oktoba ɗalibai da malamai suna taruwa su ziyarce shi, sannan a yi walima a ɗakunan kwana. Tsofaffin ɗalibai ma sukan yi irin wannan taro a biranen da suke zaune a sassan duniya. Mai kabarin bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, kuma Turancinsa bai kai na koyarwa ba. Duk da haka shi ya tsara yadda dubban matasa za su kwana, su ci, su yi salla, su yi jayayya, su yi wasa a wuri guda. Tambayar da ta dame shi tsawon rabin rayuwarsa ita ce: wace irin makaranta ce za ta iya tayar da al'ummar da mulki ya kuɓuce mata, ba tare da ta raba 'ya'yanta da addininsu ba? Amsar da ya bayar ita ce kwalejin kwana, kuma a kanta ya ƙarar da dukiyarsa da mutuncinsa da sauran kwanakinsa.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Sayyid Ahmad a birnin Delhi ranar 17 ga Oktoba, 1817, lokacin da daular Mugal ta rage suna kawai, iko kuwa yana hannun Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila. Mahaifinsa, Mir Muttaƙi, makusancin Sarki Akbar Shah na Biyu ne, mutum mai son sufanci, mabiyin ɗariƙar Naƙshabandiyya. Kakansa na wajen uwa, Khwaja Fariduddin Ahmad, masanin lissafi ne da ya yi wa Kamfanin aiki, ya kuma riƙe waziranci a fadar Mugal. A gidan wannan kaka yaron ya tashi, gida babba mai tsari, inda jikoki suke cin abinci a gaban dattijo, ana lura da zamansu da tsabtar tufafinsu da lafazinsu.

Mahaifiyarsa, Azizun Nisa, ita ta fi kowa tasiri a kansa. An ruwaito cewa yana yaro ya taɓa marin wani tsohon bara na gidan. Da labari ya kai gare ta, sai ta sa aka fitar da shi daga gida, ya fake wurin wata gwaggonsa, kuma ba ta yarda ya dawo ba sai da ya nemi gafarar baran. Wannan darasi zai sake ɗagowa a rayuwarsa bayan shekaru masu yawa.

Ya yi karatun Alƙur'ani da Farisanci da Larabci da lissafi da ɗan abin da ya samu na likitancin gargajiya. Da mahaifinsa ya rasu a 1838, kuɗin da fada take ba gidan ya ragu ƙwarai, sai ya shiga aikin kotunan Kamfani duk da rashin jin daɗin wasu dangi. A 1841 ya zama ƙaramin alƙali. Yana wannan aiki ne ya wallafa Asarus Sanadid a 1847, littafin da ya ƙididdige tsofaffin gine-ginen Delhi da malamanta. Ana ba da labarin yadda yakan shiga kwando a ja shi da igiya zuwa saman hasumiyar Ƙuɗub Minar domin ya kwafo rubutun da ke jikinta. An fassara littafin zuwa Faransanci a 1861, abin da ya sa masana a Turai suka san sunansa.

3.0 Boren 1857 da Abin da Ya Haifar

Boren da sojojin Indiya suka fara a Mirat a watan Mayun 1857 ya same shi yana alƙali a Bijnor. Ya tsaya tare da gwamnati, ya kuma yi amfani da mutuncinsa wajen fitar da Turawan garin, maza da mata da yara, zuwa tudun mun tsira. Amma da Turawa suka sake kame Delhi a watan Satumba, gidansu bai tsira ba. An washe shi, an kashe kawunsa da ɗan kawun. Ya tarar da mahaifiyarsa a ɓoye cikin wani ɗaki na barga, ta yi kwanaki cikin yunwa da ƙishirwa. Ya ɗauke ta zuwa Mirat, inda ta rasu ba da jimawa ba. Gwamnati ta so ta saka masa da wata ƙasa da aka ƙwace daga hannun wani gidan Musulmi, ya ƙi karɓa.

A 1859 ya wallafa ɗan littafinsa kan dalilan boren, Asbabe Bagawate Hind. A ciki ya ɗora babban laifi a kan masu mulki: sun yi dokoki ba tare da ɗan ƙasa ko ɗaya a majalisar da ke yin dokokin ba, don haka ba su san abin da ke zukatan talakawansu ba, talakawan ma ba su san nufinsu ba. Faɗar haka a lokacin da ake rataye mutane kan zargi kaɗai ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Daga nan tunaninsa ya karkata ga ilimi. Ya lura cewa tun da aka sauke Farisanci daga zama harshen kotu da ofis, aka ɗora Turanci da harsunan ƙasa, 'ya'yan gidajen Musulmi da suka saba da aikin gwamnati suna ta komawa baya, domin iyayensu suna ƙyamar makarantun Turawa. Ya buɗe makaranta a Muradabad a 1859, wata kuma a Gazipur. A 1864 ya kafa Ƙungiyar Kimiyya domin fassara littattafan tarihi da kimiyya zuwa Urdu, ƙungiyar da ta koma Aligar tare da shi, ta kuma fara fitar da jarida a 1866.

4.0 Tafiya Ingila da Samuwar Tsari

A watan Afrilun 1869 ya tafi Ingila tare da 'ya'yansa biyu, Hamid da Mahmud. Mahmud ya sami tallafin karatu na gwamnati, ya shiga Jami'ar Kambrij. Sayyid Ahmad ya yi kusan shekara ɗaya da rabi a can. Wani ɓangare na lokacin ya tafi ne wajen rubuta martani ga littafin William Muir kan tarihin Annabi (SAW), aikin da ya ci masa kuɗi har ya shiga bashi. Sauran lokacin ya yi shi yana kallon yadda makarantu suke gudana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a Kambrij shi ne zaman kwalejojin. Ɗalibi yana kwana a cikin kwaleji, yana cin abinci a babban zaure tare da malamansa, yana halartar ibada a ɗakin ibadar kwalejin, yana da malamin da ke lura da halayensa. Jami'o'in da Turawa suka kafa a Kalkata da Bombay da Madras a 1857 kuwa hukumomin jarrabawa ne kawai: ɗalibi ya yi karatu a inda ya samu, ya zo ya rubuta jarrabawa, ya karɓi takarda. Sayyid Ahmad ya ga cewa takarda tana samar da akawu, amma zama tare ne yake samar da tsara guda ta mutane masu sanin juna, masu ɗabi'a ɗaya, waɗanda za su iya jagorantar al'umma. Kalmar da ya riƙe a kan wannan ita ce tarbiyya, wadda ya bambanta ta da koyarwa zalla.

Da ya dawo a 1870 ya fara fitar da mujallar Tahzibul Akhlaƙ domin gyaran ɗabi'u da tunani, ya kuma kafa kwamitin tara kuɗi. A 1873 Sayyid Mahmud ya gabatar wa kwamitin cikakken tsarin makaranta mai cin gashin kanta bisa salon Kambrij.

5.0 Kafuwar Kwaleji da Adawar Malamai

An buɗe makarantar ranar 24 ga Mayu, 1875, da ɗalibai 'yan ƙalilan, a tsohon filin faretin soja da ke Aligar. Sayyid Ahmad ya ajiye aikin gwamnati a 1876 ya tare a garin. Ranar 8 ga Janairu, 1877, Babban Gwamnan Indiya, Lord Lytton, ya aza harsashin ginin kwalejin, wadda aka raɗa wa suna Muhammadan Anglo-Oriental College.

Adawa ta riga ginin tashi. Ra'ayoyinsa na addini, musamman ƙoƙarinsa na fassara mu'ujizozi da aljannu da mala'iku ta hanyar da ba za ta saɓa wa dokokin halitta ba, sun sa malamai da yawa suka kafirta shi. Wani daga cikin abokan hamayyarsa, Ali Bakhsh Khan, ya je har Makka ya samo fatawa a kansa. Aka laƙaba masa da mabiyansa sunan 'yan necariyya, wato masu bautar ɗabi'a, kuma Jamaluddin Afgani ma ya yi rubutu mai zafi a kansu. Maulana Ƙasim Nanautawi, jigon makarantar Deoband da aka kafa a 1866, ya ƙi shiga kwamitin koyar da addini na kwalejin.

A nan Sayyid Ahmad ya yi abin da ya ceci makarantar. Ya cire hannunsa daga darasin addini gaba ɗaya, bai sa tafsirinsa cikin manhaja ba, ya miƙa al'amarin ga kwamitoci biyu, na Sunni da na Shi'a, kowanne ya tsara wa 'ya'yansa. Ta haka uban da ke ƙin aƙidarsa zai iya turo ɗansa da kwanciyar hankali. Daga baya ma surukin Nanautawi, Maulana Abdullahi Ansari, ya zama mai kula da harkokin addini na kwalejin.

Neman kuɗi kuwa ya zame masa sana'a. Ya zagaya garuruwa yana roƙo, ya karɓa daga Nizam na Haidarabad da Nawab na Rampur, ya karɓa daga sarakunan da ba Musulmi ba irin su Maharaja na Patiyala. Ya sa a riƙa sassaƙa sunan mai bayarwa a jikin ɗaki ko katangar da kuɗinsa ya gina. Har dandamali ya taɓa hawa a wani bikin baje koli, da farin gemunsa, ya rera waƙa domin 'yan kallo su biya kuɗin shiga, abin da masu ganin girmansa suka ɗauka zubar da mutunci ne.

6.0 Rayuwar Yau da Kullum a Harabar

An gina kwalejin a siffar babbar farfajiya mai kusurwa huɗu, ɗakunan ɗalibai suna kewaye da ita, masallaci da babban zauren taro na Strachey da ɗakunan darasi suna jere a gefe guda. Duk wanda ya fito daga ɗakinsa yana ganin kowa, kowa yana ganinsa. Ana ɗaukar sunayen masu halartar salla kamar yadda ake yi a aji. Ana cin abinci tare a kan lokaci. An hana ɗalibi zuwa da baransa na gida yadda 'ya'yan masu hali suka saba. Baƙar doguwar kwat da jar dara suka zama alamar ɗan Aligar a duk inda aka gan shi.

Ƙofar a buɗe take ga waɗanda ba Musulmi ba tun ranar farko. Ana koyar da harshen Sanskrit kamar yadda ake koyar da Larabci, kuma ɗalibin da ya fara samun digiri daga kwalejin, Ishwari Prasad, mabiyin addinin Hindu ne. Haka ma shahararren malamin lissafinta, Jadav Chandra Chakravarti. Sayyid Ahmad ya hana yanka saniya a cikin harabar domin kiyaye zuciyar maƙwabta.

Rayuwar ƙungiyoyi ta bunƙasa ne da zuwan Theodore Beck, saurayi ɗan shekara 24 da ya taɓa shugabantar ƙungiyar muhawara ta Kambrij, wanda aka ɗauko ya zama shugaban kwalejin. A 1884 aka kafa ƙungiyar muhawara ta Siddons, da sunan shugaban kwalejin na farko. A nan ɗalibai suka koyi tsayawa gaban jama'a, da zaɓen shugabanni, da shan kaye cikin ladabi. Wasan kurket ya zama abin alfahari, har ƙungiyar kwalejin ta yi suna a faɗin arewacin Indiya. A 1890 wani ɗalibi, Aftab Ahmad Khan, ya jagoranci kafa Anjumanul Fard, ƙungiyar da mambobinta suke yawo lokacin hutu suna tara kuɗin tallafa wa ɗalibai marasa hali.

A ɓangaren malamai, abota mafi albarka ita ce ta Shibli Nu'umani, malamin Larabci da Farisanci, da Thomas Arnold, malamin falsafa. Shibli ya taimaki Arnold a Larabci, Arnold ya koya masa Faransanci da hanyoyin binciken tarihi na Turai. A Aligar Arnold ya rubuta littafinsa kan yadda Musulunci ya yaɗu ta hanyar wa'azi, wanda ya fito a 1896, a nan kuma Shibli ya fara jerin littattafansa na tarihin magabata. Irin wannan cuɗanya ita ce ainihin abin da mai kwalejin ya yi fata.

Zaman bai rasa tangarɗa ba. A 1887 wani ɗalibi ya bugi ɗaya daga cikin barorin kwalejin, Sayyid Ahmad ya kore shi. Ɗalibai suka ga an fifita bara a kan ɗan mutunci, suka yi bore, da yawa suka fice daga ɗakunan kwana. An sasanta daga baya, amma dattijon bai janye matsayinsa ba cewa asali ba ya ba kowa izinin ɗaga hannu a kan na ƙasa da shi. Hukuncin da uwarsa ta yi masa yana yaro shi ya zartar a kan 'ya'yan wasu.

7.0 Iyakokin Tsarin

Adalci ga tarihi yana buƙatar a faɗi inda hangen nasa ya tsaya. Na farko, kwalejin ta 'ya'yan manyan gidaje ce. Ɗakunan kwana ma hawa-hawa ne gwargwadon kuɗin da uba zai iya biya, kuma shi kansa bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa jagoranci na masu asali ne. Ɗan masaƙi da ɗan manomi ba su cikin lissafinsa na farko.

Na biyu, bai goyi bayan buɗe wa mata makarantun zamani ba. Yana ganin a fara ilimantar da maza, su kuma su haskaka gidajensu. Sai bayan rasuwarsa, a 1906, wani tsohon ɗalibin kwalejin, Shaikh Abdullahi, tare da matarsa Wahid Jahan, suka buɗe makarantar 'yan mata a Aligar.

Na uku, siyasa. Ya zauna a majalisar Babban Gwamna daga 1878, ya kafa Taron Ilimi na Musulmi a 1886, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1888. Da aka kafa jam'iyyar Congress a 1885, ya gargaɗi Musulmi su nisance ta, bisa tsoron cewa zaɓe na ƙidayar kawuna zai danne marasa rinjaye, da kuma tsoron kada abin da ya gani a 1857 ya maimaitu. Shi da Beck suka taƙaita muhawarar siyasa a harabar. Ke nan an koya wa matasa iya magana, sannan aka shata musu abin da ba za su yi magana a kai ba. Masana tarihi har yau suna jayayya kan ko wannan matsayi ne tushen rabuwar Indiya da Pakistan, ko kuwa dabara ce ta zamaninsa da na baya suka ɗora wa ma'anar da ba ta da ita.

8.0 Ƙarshen Rayuwa

Shekarunsa goma na ƙarshe sun zo da ɗaci. A 1889 ya kawo dokar amintattu wadda ta tabbatar da ɗansa Mahmud a matsayin magajinsa a shugabancin kwalejin. Tsohon amininsa Sami'ullah Khan, wanda da shi aka buɗe makarantar, ya yi adawa da haka, ya sha kaye, ya janye tare da wasu. Mahmud haziƙi ne, ya kai ga kujerar alƙalin babbar kotun Allahabad, amma shaye-shaye ya lalata lafiyarsa, ya bar aiki a 1893.

A 1895 aka gano cewa babban akawun da Sayyid Ahmad ya amince wa ya yi shekaru yana sa hannun jabu yana kwashe kuɗin kwaleji, fiye da rupi 100,000. Aikin gini ya tsaya, masu bayarwa suka ja baya, adadin ɗalibai ya ragu. Kuɗin nan shi ya roƙo su da bakinsa, kwabo-kwabo, don haka abin ya karya masa zuciya. Kwanaki kaɗan kafin ajalinsa, saɓani da ɗansa ya sa ya bar gidan da suke zaune ya koma gidan wani abokinsa, Haji Isma'il Khan. A can ya rasu ranar 27 ga Maris, 1898, yana da shekara 80. An ruwaito cewa bai bar abin da zai isa hidimar jana'izarsa ba, abokai ne suka ɗauki nauyi. Aka binne shi a gefen masallacin da bai ga kammaluwarsa ba.

9.0 Kammalawa

Abokansa, ƙarƙashin jagorancin Muhsinul Mulk, suka kafa asusun tunawa da shi, suka biya bashi, suka ci gaba da neman a ɗaga kwalejin. A 1920 aka yi dokar da ta mai da ita Jami'ar Musulmi ta Aligar, Sultan Jahan Begum ta Bopal ta zama uwar jami'ar ta farko. A wannan shekarar kuma wasu 'ya'yan kwalejin, ciki har da Muhammad Ali Jauhar da Zakir Husain, suka amsa kiran ƙaurace wa makarantun da gwamnatin mulkin mallaka take tallafawa, suka fice suka kafa Jami'a Milliyya Islamiyya. Zauren muhawarar da aka hana shi siyasa shi ya horar da waɗanda suka bijire wa siyasar mai gidan. Daga harabar nan Liaƙat Ali Khan ya fito ya zama firaministan Pakistan na farko, daga nan kuma Zakir Husain ya fito, ya dawo ya shugabanci jami'ar, daga bisani ya zama shugaban ƙasar Indiya.

Littattafan addinin Sayyid Ahmad Khan sun koma hannun masu bincike, matsayinsa na siyasa kuma zamani ya wuce shi. Abin da ya wanzu shi ne farfajiyar da ya zana: ɗakuna masu kallon juna, masallaci ɗaya, teburin abinci ɗaya, da ɗalibai masu fita hutu su roƙo wa 'yan'uwansu kuɗin makaranta.